Ampilin gari ya yi shiru? A fara duba wutar da yake ci

A da, idan maigari yana da saƙo, sanƙira ne ke zaga gari da maraice yana shela da bakinsa. Ladan kuma ya hau katanga ko tudu, ya sa yatsu a kunne, ya kira salla. Yanzu garuruwa sun faɗaɗa. Muryar mutum ɗaya ba ta kaiwa ƙarshen gari. Shi ya sa a gundumar Madarunfa, daga Jiratawa zuwa Safo, daga Gabi zuwa Ɗan Isa da Sarkin Yamma, da wuya a shiga babban ƙauye ba a hangi ƙahon lasifika bisa masallaci ko bisa itace ba.

Aikin lasifika ya wuce kiran salla. Da ita ake sanar da ranar allurar shanu. Da ita ake kiran taron ƙungiyar manoma, da ranar rabon iri ko taki. Da ita ake cigiyar akuya, ko yaron da ya ɓata ranar kasuwa. Da ita ake faɗin rasuwa da lokacin jana'iza.

Sau da yawa kuɗin sayen wannan na'ura na jama'a ne. Bayan kaka ake karo-karo. Wani ya kawo tiyar gero, wani ya kawo kuɗin wake, wani ɗan gari da ke ci-rani ya aiko da nasa. Saboda haka ranar da ta lalace, asarar ta gari ce baki ɗaya.

Abin takaici shi ne, yawancin wannan asara ana iya kauce mata. Sau da yawa akwatin lafiyarsa lau, wutar da ake ba shi ce ta kasa, ko wata waya ta tsinke. Wani lokaci kuma wutar da aka ba shi ce ta kashe shi, don ba irin tasa ba ce. Mutumin da ya iya karanta ƴan baƙaƙe da lambobin da ke bayan akwatin, ya iya hana wannan ɓarna.

Abubuwa huɗu ne ke aiki tare

Na farko shi ne makirfo, wanda ake magana a cikinsa. Yana juya murya ta zama ƴar ƙaramar wutar lantarki. Na biyu shi ne akwatin ƙara murya. Waɗanda suka saba da Faransanci suna ce masa ampili, a Katsina da Kano kuma ana ce masa amfilifaya. Shi ke karɓar wannan ƴar wuta ya ƙara mata ƙarfi. Na uku ita ce lasifika, wadda ke mayar da wutar ta koma murya mai ƙarfi. Na huɗu ita ce wutar da ake ciyar da ampili da ita.

Ampili ba ya ƙirƙirar ƙarfi da kansa. Ƙarfin da ke fita daga bakin ƙaho, daga batir ya fito. Kamar san huɗa ne: da abin da ya ci yake jan garma. In ya ci kaɗan, ya kwanta a tsakiyar kunya. In ya ci abin da bai dace da cikinsa ba, ya kumbura.

A zamanin da, ampili babban kaya ne. Akwai kwalaben gilashi a cikinsa masu ɗaukar zafi, masu cin wuta da yawa. A shekarar 1947, a ƙasar Amurka, masana suka ƙirƙiro wata ƴar aba mai suna taransista. Ita ta sa rediyo mai aiki da pil, da ampili mai aiki da batirin mota, suka yawaita. A 1962, lokacin da aka kafa ƙungiyar Rediyo-Kulob a Nijar, da irin wannan rediyo mutanen ƙauye ke taruwa suna saurare. Tun daga nan har yau, na'urar murya a karkara da batir take rayuwa.

Karatun bayan akwati

Kafin a haɗa ampili da kowace wuta, a juya bayansa a karanta. Baƙaƙen da za a nema ba su da yawa.

Harafin V yana nufin bolt. Bolt shi ne ƙarfin da wuta ke tunkuɗowa da shi. Masu lambu a Jiratawa da bakin tafkin Madarunfa sun san wannan a wajen ban-ruwa. In ruwa ya fito daga tiyo da ƙarfin da ya wuce kima, sai ya fasa fangali ya tuge dashe. In ya fito ba ƙarfi, ba ya kaiwa ƙarshen lambu. Yawancin ƙananan ampili an rubuta musu 12V. To, bolt 12 suke so, ba ƙari ba ragi.

Harafin A yana nufin amper. Amper shi ne yawan wutar da ake iya ɗiba. Makiyayi ya san komin shayar da dabbobi. Girman komi ba ya cutar da saniya, don abin da cikinta ke so shi take sha. Amma ƙaramin komi ba ya ƙosar da ita. Haka ampili yake. In yana son amper 3 aka ba shi mai amper 5, babu laifi. In aka ba shi mai amper 1, murya za ta riƙa shaƙewa, abin ba da wutar kuma ya yi zafi har ya ƙone.

Ga ƙa'idar a taƙaice: bolt ya zo daidai, amper ya kai ko ya fi.

Harafin W yana nufin wat, wato ƙarfin aikin na'ura. In an raba wat da bolt, sai a samu amper. Misali, ampili mai wat 30 da ke aiki da bolt 12: a raba 30 gida 12, a samu 2 da rabi. Amma wani kaso na wutar yana tafiya a zafi. Don haka a nemi mai ba da amper 4 ko 5. A lura, wasu akwatunan masu araha an rubuta musu wat mai yawa don jan hankalin mai saye. Lambar da ke jikin fiyus ɗin akwatin ta fi faɗin gaskiyar abin da yake ci.

Sai baƙaƙen DC da AC. Wuta iri biyu ce. Wutar batir hanya ɗaya take bi, kamar ruwan Gulbin Maraɗi da damina. Ita ce DC, alamarta miƙaƙƙen layi da ɗigo-ɗigo a ƙasansa. Wutar kuran ta gari kai-da-komo take yi, sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Ita ce AC, alamarta layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Ƙarfinta bolt 220. Ramin da aka rubuta wa DC 12V, wuta irin ta batir kaɗai yake karɓa.

Na ƙarshe su ne alamun tarawa (+) da ɗebewa (−). Jar waya ta (+) ce, baƙar waya ta (−) ce. A jikin batirin mota, kan (+) ya fi kan (−) kauri. In aka juya wayoyin nan, ko da na ƙiftawar ido ne, cikin ampili na iya ƙonewa. Wannan kuskure ya fi faruwa da asuba, cikin duhu, ana gaggawa. Maganinsa mai sauƙi ne: a shafa jan fenti a kan (+) na batir, a ɗaura jan ƙyalle a wayarsa, a haska tocila kafin a haɗa.

Batir

Batir shi ne abincin da ya fi dacewa da ƙaramin ampili. Wutarsa ba ta da gurnani, kuma bolt 12 ba ya jan mutum. Irin batirin mota wani Bafaranshe ne ya ƙirƙiro shi a 1859, sunansa Gaston Planté. Yana da ɗaki 6 a ciki, kowane ɗaki na ba da bolt 2 da ɗan ɗori. In ya cika, mita tana nuna 12.6. In ya huta aka auna aka ga 12 cif, fiye da rabin ƙarfinsa ya tafi, sai a kai shi caji.

A jikin batir akwai lamba da baƙaƙen Ah. Ita ke faɗin girman rumbunsa. Batir mai 40Ah, in ampili na ɗibar amper 2, a lissafi zai yi awa 20. Amma kada a bari ya wuce awa 10. Batirin mota ba ya son a kwashe shi ƙarƙaf. In ana yi masa haka, ba ya daɗewa. Manomi ma ba ya share rumbunsa har da iri.

A kiyaye da manyan motocin ɗaukar kaya. Da yawansu da bolt 24 suke aiki, batir biyu ne aka jera. Wanda ya ja wuta daga nan ya ba ampili mai bolt 12, ya gama da shi.

Wayar da ke tsakanin batir da ampili ta zama gajera mai kauri. Siririyar waya mai tsawo tana shanye ƙarfin wuta a hanya. A sa fiyus, wanda wasu ke kira fizibil, a jikin jar waya dab da batir. Batirin mota ba ya jan mutum, amma in wayoyinsa biyu suka haɗu, sai su yi ja zur kamar garwashi. Rufin kara ko tabarma na iya kamawa.

Sola

Aiki da hasken rana ba baƙo ba ne a Nijar. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabanci ma'aikatar binciken hasken rana ta ONERSOL daga 1969 zuwa 1985. Tun 1968 aka gwada kunna talabijin ta lakwal da faifan sola kusa da Yamai. Yau faifan sola ya shiga kasuwannin ƙauye.

Amma akwai tarko a nan. Faifan da ake kira mai bolt 12, da tsakar rana yana fitar da 18, har ya wuce 20 in ba abin da ke jan wutarsa. Wanda ya haɗa shi kai tsaye da ampili, ya ba shi abin da ya fi ƙarfinsa. Ga jerin da ya dace: faifai ya ba regilatar, regilatar ya ba batir, batir ya ba ampili. Regilatar ƙaramin akwati ne mai tsare batir kada ya cika ya wuce kima. Wajen haɗawa, a fara haɗa shi da batir, sannan da faifai. Ko ba don haka ba, batir dole ne, tunda babu rana da asuba ko da lisha.

Kuran da adafta

Wutar kamfanin NIGELEC ba ta kai ko'ina ba. A ƙididdigar Bankin Duniya ta 2021, waɗanda ke da wutar lantarki a Nijar ba su kai mutum 1 cikin 5 ba. Wutar Maraɗi da Damagaram kuma babbar waya ce ke kawo ta daga Katsina ta Gazawa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Darasin da ke ciki shi ne, ko garin da ke da kuran, ya kamata ya ajiye batir.

Inda akwai kuran, ampili mai bolt 12 yana bukatar adafta. Aikinta ta karɓi bolt 220 ta mayar da shi 12. A nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya ga bakin wata caja ya shiga ramin ampili daidai, sai ya ce an dace. Shigar baki ba shaida ba ce. Cajar wayar hannu yawanci bolt 5 take bayarwa, ba za ta tada shi ba. Cajar kwamfutar hannu yawanci bolt 19 ce, za ta iya ƙona shi. A jikin kowace adafta akwai layin da aka rubuta OUTPUT ko SORTIE. Shi ke faɗin abin da take fitarwa. A tabbatar an ga 12V, an ga alamar DC, an ga amper ɗin da ya isa. Akwai kuma ɗan zane mai nuna ko (+) a tsakiyar baki yake ko a gefe. Zanen adafta da na ampili su zama iri ɗaya.

Cajar da ake cika batirin mota da ita ba adafta ba ce. Wutarta ba a tace take ba, kuma ta wuce bolt 12. Ba a kunna ampili da ita.

Wasu ampili suna da wayar kuran tasu, ba su bukatar adafta. In na hannu ne, a duba ko yana da maɓalli mai lamba 110 da 220. Kayan da aka yi don Amurka da 110 zuwa 120 suke aiki. Maɓallin ya tsaya a kan 220.

In an ɗauke wuta, a zare ampili daga bango. Lokacin da wuta ke dawowa, takan zo da ƙarfi. A dakata ta natsu sannan a mayar. Haka ma janareta, wanda ake kira gurup. A tada shi tukuna, ƙararsa ta daidaita, sannan a haɗa ampili. Wajen kashewa, a fara kashe ampili. Janareta kuma a waje ake ajiye shi. Hayaƙinsa yana kisa a cikin ɗaki, ba tare da an ji wari ba.

In ya yi shiru, daga ina za a fara?

Makiyayi in ya ga saniya ba ta da kuzari, ba wuƙa yake fara ɗaukowa ba. Yakan duba abin da ta ci, da ruwan da ta sha, da kofatonta. Haka ake yi wa ampili. Daga waje ake farawa. Buɗe cikinsa shi ne na ƙarshe, kuma aikin mai gyara ne.

1. A duba ƴar fitilar da ke gabansa. In ba ta kama ba, wuta ba ta shiga. A gwada batirin da ƙwan fitilar mota ko na babur mai bolt 12. In hasken ya yi ja-ja, batir ya yi sanyi.

2. A duba kawunan batir. In farin gari ko kore ya taru a kansu, wuta ba ta wucewa sosai. A cire wayoyin, a goge da tsumma da ruwan kanwa, a bari ya bushe, a ɗaure tam. Kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir.

3. A duba fiyus. Ƴar kwalba ce mai siririn zare a ciki. In zaren ya tsinke, a sa sabo mai lamba iri ɗaya. Kada a naɗa masa waya ko takardar kwalin taba. Fiyus mai gadi ne, yana mutuwa don akwati ya tsira. In sabon ya sake tsinkewa nan take, a tsaya. Ciwon a ciki yake.

4. In fitila ta kama amma ba murya, a duba maɓallin ƙara murya da makunnin da ke jikin makirfo. Sannan a ari wani makirfo a gwada. Wayar makirfo ita ta fi saurin tsinkewa, musamman kusa da bakinta, don ita ake ja, ita ake takawa.

5. In har yanzu shiru, a kashe ampili, a cire wayoyin lasifika biyu daga bayansa. A ɗauki pil ɗaya na tocila mai bolt 1 da rabi. A riƙe waya ɗaya a gindinsa, a ɗan taɓa kansa da ɗayar a sake. In an ji ƙas-ƙas daga ƙaho, lasifika da wayarta suna da rai. In ba a ji komai ba, a bi wayar har sama. Ɓera na cin waya, gara na cin ta a bango, rana kuma na busar da robarta.

A riƙa canja abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce na gaba. Wanda ya canja uku a lokaci ɗaya ba zai san mai laifin ba.

Kowane kuka da ma'anarsa

In ampili na gurnani kamar kudan zuma, a cire adafta a sa masa batir. In gurnanin ya tafi, adafta ce ba ta tace wuta da kyau, sai a canja ta. In bai tafi ba, a zare makirfo. In ya yi shiru, laifin wayar makirfo ne: ko ta yage a ciki, ko ta bi kusa da wayar kuran.

In yana fito mai tsini da ke huda kunne, wannan ba lalacewa ba ce. Makirfo ne ke jin muryar lasifika, ya sake mayar da ita, abin ya yi ta zagayawa. A juya bakin ƙaho ya kalli wani gefe. Mai magana ya tsaya bayan ƙaho, ya kawo makirfo kusa da bakinsa, a rage murya kaɗan.

In murya na fita lafiya a hankali, amma ta dushe ko ta yanke da an ɗaga ta, yunwa ce. Ko batir ya yi sanyi, ko adafta ta yi ƙanƙanta, ko waya ta yi siriri.

In ana jin ƙaraf-ƙaraf duk lokacin da aka murɗa maɓalli, ƙura ce ta shiga. A kashe, a murɗa shi gaba da baya sau da yawa. Kada a zuba masa mai ko kananzir.

In murya ta koma ƙasa-ƙasa kamar ta mai mura, a leƙa cikin ƙaho. Zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a ciki. Ruwan sama ma na kwanciya a ƙahon da bakinsa ke kallon sama. A ɗan sunkuyar da shi ƙasa.

Jaki ɗaya, kaya nawa?

Gari na girma, sai a so a ƙara ƙaho don kowace unguwa ta ji. A nan ma akwai lamba. A bayan lasifika ana rubuta 8 ko 16, da wata alama mai kama da kofaton doki. Sunanta om. Abin mamaki, ƙara lasifika rage wannan lamba yake yi. Biyu masu om 8, in aka haɗa su a kan waya guda, sun koma 4. Huɗu sun koma 2. Duk sa'ad da lambar ta ragu, kayan da ke kan ampili sun ƙaru. In an rubuta masa 4 a baya, kada a sauka ƙasa da 4. Wanda ya labta wa jaki buhu huɗu ya san abin da ke biyo baya.

Wasu ampili suna da wurin ɗaura waya mai lamba 70V ko 100V. Wannan na lasifika ce ta musamman. Kada a ɗaura ta yau da kullum a nan. Kuma kada a bari wayoyin lasifika biyu su taɓa juna ampili na kunne. Ko silin waya ɗaya ne ya tsallaka, ya isa ya ƙona shi.

Rai ya fi akwati

Wutar kuran mai bolt 220 tana kisa. Ladan yakan zo da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala, ba takalmi, ya kama makirfo na ƙarfe. In adafta marar kyau ce, wutar gari na iya bi ta cikinta ta kai ga makirfo. Duk ranar da aka ji makirfo na ɗan tsikarar leɓe ko hannu, a kashe nan take, a koma ga batir, a kira mai gyara. Wannan tsikara gargaɗi ce.

Kada a cusa tsirarar waya cikin ramin wuta na bango a toshe da tsinke. Kada a buɗe adafta ko ampili mai wayar kuran, ko da an zare shi. Akwai wasu ƴan gwangwanaye a ciki masu riƙe wuta bayan an kashe.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar. In ba hali, a ture wayar da busasshiyar sanda. Sannan a kai shi gidan likita, ko da ya ce ya ji sauƙi.

Batir ma yana da nasa haɗari. Ruwan cikinsa asid ne, yana cin fata da tufafi, yana makantarwa. In ya fantsama, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi likita. Lokacin caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Kada a kusance shi da taba, ashana ko fitilar kwai. In ruwansa ya ragu, ruwan batir na kanti ake ƙara masa, ba na rijiya ba.

Mataccen batir kuma ba abin wasan yara ba ne. Dalma ce a cikinsa, dalma kuwa guba ce. A unguwar Thiaroye, kusa da Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ƙurar dalma ta tsofaffin batura da ake fasawa a unguwar. A jihar Zamfara ta Najeriya, a 2010, dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara ɗaruruwa. Kada a fasa batir a gida. Kada masunta su narka dalmarsa a tsakar gida don nauyin koma. Kada a zuba ruwansa kusa da rijiya ko tafki. A mayar da shi wurin mai sayar da batir.

Bazara, damina da hunturu

Da bazara zafi a jihar Maraɗi yana wuce digiri 40. Ampili na da ƴan ramuka na shan iska. Kada a rufe su da darduma ko littattafai yana aiki. A ɗora shi bisa kanta, a inuwa, nesa da kwanon rufi. Da hunturu, in an gama aiki ya huce, a lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura. Da damina, in hadari ya haɗu ana walƙiya, a cire wayar lasifika da ta kuran tun kafin ruwa ya sauko. Ƙahon da ke bisa dogon ƙarfe yana iya jawo tsawa ta bi waya har cikin ɗaki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin azumi, kafin sallar idi, kafin babban taro irin na masu ziyarar kaburburan waliyyai 99 na Madarunfa, a gwada kaya tun da sauran kwanaki.

Ranar zuwa wurin mai gyara

In an ji ƙauri, ko an ga hayaƙi, ko ruwa ya shiga akwati, ko fiyus ya tsinke sau biyu, ko akwatin na zafi ba a ɗaga murya ba, aikin ya fi ƙarfin mutanen gari. Kada a yi ta tsokanarsa da sukudireba, garin neman gira a rasa ido. A kai shi wurin mai gyaran rediyo a Madarunfa ko Maraɗi. A tafi da ampili, da makirfo, da adaftar da ake aiki da ita. A gaya masa gaskiyar abin da ya faru. In an juya waya ne, a ce an juya. Wannan zai rage masa bincike, ya rage wa gari kuɗi.

Wajen sayen sabuwar adafta, a kwafi lambobin bayan ampili a takarda a tafi da su kasuwa. A sa mai kanti ya auna ta da mita a gaban mai saye. In ta yi araha fiye da kima, a yi hattara, don araha ba ta ado.

Ya kamata kowane gari ya ɗora alhakin na'urar a kan mutum ɗaya da mataimakinsa, daga cikin waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. Su rubuta lambobin bolt da amper da na fiyus da manyan baƙaƙe, su manna a bango kusa da akwatin. Su riƙe ɗan littafi na ranar da aka yi caji da ranar da aka yi gyara. Su ajiye fiyus biyu a cikin gwangwani. In wani ya zo aron ampili don biki, a ba shi tare da batirinsa da wayoyinsa, kada ya je ya haɗa da abin da ya samu.

Baƙaƙen nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba: V, A, W, DC, AC, da (+) da (−). Wanda ya san su ya tsare kuɗin jama'a, ya tsare ran ladan, kuma saƙon allurar shanu zai kai har ruga a kan lokaci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.